Sardauna Ahmadu Bello: Daga Rabah Zuwa Majalisa

'Yan uwa mata, babu gidan da ba a san sunan Sardauna ba a Sakkwato, amma ba kowa ya san cikin manoma da makiyaya ya koyi mulki ba.

A Rabah anka haife shi a 1910. Zuriyar Shehu Usmanu ne ta wajen Sarkin Musulmi Bello. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Ya yi allo, ya yi boko har Kwalejin Katsina, a 1931 ya dawo yana koyarwa a Midil ta Sakkwato.

A 1934 anka naɗa shi Sarkin Rabah. Aikin hakimi sannan shi ne haraji da jangali da sasanta rikicin gona. Nan ya ga yadda talaka ke shan wuya in damina ta ƙi. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah bai ba shi ba, sai anka yi mishi Sardauna, anka tura shi Gusau.

Can jarrabawa ta same shi. A 1943 anka ce ya ci kuɗin jangali, har anka yanke mishi ɗaurin wata uku. Duk wadda ta taɓa riƙon adashi ta san zafin a ce ka ci amana. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, kotu ta wanke shi tas.

A 1949 ya shiga Majalisar Arewa a Kaduna, a 1954 ya zama Firimiya. Lokacin nan babu kuɗin fetur, gyaɗa da auduga ke riƙe da Arewa. Da gumin manomi anka kafa masaƙar Kaduna a 1957, da Bankin Arewa, da Jami'ar Zariya a 1962. Gwamnatinsa ta bazu ƙauyuka da Yaƙi da Jahilci, magidanta sunka koyi karatu da rubutu, mai kai gyaɗa sikeli ya iya duba lissafinsa da kansa. Duk da mulki bai bar noma ba, yana da gonarsa a Bakura.

Ran 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, sojoji sunka kashe shi a gidansa na Kaduna. Uwargidansa Hafsatu ta ƙi barin sa, tare sunka cika.

Allah Ya jiƙan su, Ya sa Aljanna ce makoma, amin.