Andrew Carnegie: Attajirin ƙarfe da ya gina ɗakunan karatu 2,509

A shekarar 1853, wani saurayi ɗan shekara 17 a garin Allegheny na jihar Pennsylvania da ke Amurka ya rubuta wa jaridar Pittsburgh Dispatch wasiƙar ƙorafi. Abin da ya dame shi kuwa dala biyu ce. Akwai wani ɗakin karatu a garin da ya samo asali daga littattafai kusan 400 na wani mai hali, Kanar James Anderson, wanda ya riƙa ara wa yara 'yan ƙwadago duk ranar Asabar. Da aka miƙa littattafan ga wasu su kula da su, sai aka kafa doka cewa yaran da ke koyon sana'a a ƙarƙashin ubangida ne kaɗai za su ara kyauta, saura kuwa sai sun biya dala biyu a shekara. Saurayin ba ya cikin rukunin farko, don haka ya yi ta musu a jarida har aka sassauta dokar.

Sunansa Andrew Carnegie. Shekara 48 bayan wannan wasiƙa, ya sayar da kamfaninsa na ƙarfe kan dala miliyan 480.

An haife shi ranar 25 ga Nuwamban 1835 a Dunfermline da ke Scotland. Mahaifinsa, William, masaƙi ne mai saƙar hannu, kuma yana cikin masaƙan garin da suka taɓa haɗa 'yan littattafansu wuri guda domin amfanin kowa. Da injinan saƙa suka shigo, sana'ar ta mutu a hannunsa. A 1848 iyalin suka ci bashi suka yi ƙaura zuwa Amurka. Andrew, wanda karatunsa na makaranta bai wuce 'yan shekaru ba, ya fara aiki a wata masaƙa yana sauya kwarkwaron zare kan dala ɗaya da santi 20 a mako. Daga nan ya koma ɗan aike a ofishin wayar tangarahu, sannan ya shiga kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, inda ya koyi yadda ake juya kuɗi. Ya zuba jari a gadoji da man fetur da ƙarfe, kafin ƙarfen ya zama shi ne komai nasa.

Ɗakin karatu na farko da ya gina a mahaifarsa ne, Dunfermline. Mahaifiyarsa Margaret ce ta aza harsashin ginin a 1881, aka buɗe shi a 1883. Amma wanda ya fi nuna abin da ke ransa shi ne na Braddock, garin da babbar masana'antarsa ta ƙarfe take, wanda aka buɗe a watan Maris na 1889.

Wanda ya shiga ginin Braddock a wancan zamani ba littattafai kaɗai zai tarar ba. A ƙasan ginin akwai wurin wanka, domin yawancin gidajen ma'aikata ba su da famfo, kuma mutum kan fito daga bakin wutar narka ƙarfe baƙi ƙirin. Akwai teburan wasan biliyad. A 1893 aka ƙara zauren kiɗa da wasanni mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, da tafkin ninkaya, da ɗakin motsa jiki. Haka aka yi a Allegheny, inda aka haɗa ɗakin karatu da zauren taro. A Pittsburgh kuwa, ginin da aka buɗe a 1895 ya ƙunshi ɗakin karatu, zauren kiɗa, gidan tarihi da wurin baje kolin zane-zane a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma an shafe shekaru masu yawa ana kaɗa wa jama'a ogan kyauta a zauren, wato babban kayan kiɗan nan mai bututu da aka fi gani a coci-coci. Ra'ayin Carnegie shi ne talaka mai son ci gaba ya samu wurin da zai karanta littafi, ya saurari lacca, ya ji kiɗa mai daraja, ba tare da an tambaye shi ko sisi ba.

Sai dai akwai abin da ba a rubuta a jikin ginin ba. A 1888, shekara guda kafin buɗe ɗakin karatun Braddock, Carnegie ya karya ƙungiyar ƙwadago a masana'antar garin, ya mayar da ma'aikata daga aikin awa takwas zuwa awa 12 a rana. Mutumin da ya tsaya awa 12 a gaban wuta, kwana shida ko bakwai a mako, da wane ƙarfi zai je sauraron lacca da daddare?

Abin ya ƙara muni a Homestead. A 1892 aka samu saɓani kan albashi tsakanin kamfanin da ƙungiyar ma'aikata. Carnegie yana hutu a Scotland, ya bar ragama a hannun abokin kasuwancinsa Henry Clay Frick, wanda ya rufe masana'antar, ya ɗauko masu gadi kusan 300 ɗauke da makamai daga kamfanin Pinkerton. Ranar 6 ga Yuli aka yi ba-ta-kashi a bakin kogi, aka kashe aƙalla mutum goma, yawancinsu ma'aikata. Gwamnan jihar ya turo dubban dakaru, yajin aikin ya watse, ƙungiyar ta ruguje. Carnegie ya nuna daga baya cewa abin ya yi masa ciwo, amma takardunsa sun nuna ya goyi bayan Frick kan karya ƙungiyar tun farko.

Shekara shida bayan haka, a 1898, ya buɗe wa mutanen Homestead katafaren ɗakin karatu a kan tudun da ke kallon masana'antar, da zauren kiɗa mai kujeru kusan dubu da tafkin ninkaya. Wasu 'yan matan da suka koyi iyo a wannan tafki sun wakilci Amurka a gasar Olympics ta 1928 da 1932. Duk da haka akwai ma'aikatan da suka ce da an ƙara musu albashi da ya fi musu ginin, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya. A garin Wheeling na jihar West Virginia ma, 'yan ƙwadago sun yi gangami har aka kayar da tayin ɗakin karatunsa a ƙuri'ar 1904.

Shi kuwa yana da amsarsa, wadda ya rubuta a wata maƙala a 1889: a ganinsa attajiri wakili ne kawai a kan dukiyarsa, wajibi ne ya rabar da ita tun yana raye, kuma ya fi talaka sanin abin da zai amfane shi. Kashin farko na wannan magana ya cika shi. Kashin ƙarshen shi ne abin da mutanen Homestead ba su taɓa yafe masa ba.

Bayan ya sayar da kamfanin ga J.P. Morgan a 1901, rabon ɗakunan karatu ya koma tamkar wata masana'anta. Sakatarensa James Bertram ne ke karɓar wasiƙun garuruwa. Sharuɗɗan ba su da yawa: gari ya samar da fili, ya yi alƙawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi, kuma ya buɗe ƙofa kyauta. Carnegie gini yake bayarwa. Littattafai da albashin ma'aikata da duk abin da za a yi a ciki, wannan na mutanen gari ne. Bertram, wanda ba ya son almubazzaranci, ya daina amincewa da manyan zaurukan kiɗa da tafkuna. A jagorar gini da ya fara rabawa a 1911, abin da ya rage na wancan buri shi ne ɗakin lacca guda a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ɗan ɗaki ya yi aikin da ya wuce zaton masu shi. A ƙananan garuruwan Amurka nan ne ƙungiyoyin mata ke taro, nan ake karanta wa yara tatsuniyoyi, nan baƙin haure ke koyon Turanci da yamma. Misali mafi shahara yana unguwar Harlem ta birnin New York. A 1901 Carnegie ya ba birnin dala miliyan 5.2 don gina rassa 65, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne reshen Titi na 135 da aka buɗe a 1905. Da baƙaƙen fata suka cika unguwar, shugabar reshen tun daga 1920, Ernestine Rose, ta ɗauki baƙaƙen fata aiki, ta riƙa shirya baje kolin zane-zanensu da zaman karanta waƙoƙi da muhawarori. A 1926 W.E.B. Du Bois ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Krigwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasan ginin. A shekarar ce kuma gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 aka saya wa reshen tarin littattafan Arturo Schomburg kan tarihin baƙar fata. A 1940 wata ƙungiyar wasan ta fara aiki a wurin, kuma a cikinta ne Sidney Poitier da Harry Belafonte suka fara fitowa.

A kudancin Amurka labarin daban ne. Carnegie bai tilasta wa garuruwan da ke wariyar launin fata su buɗe ƙofa ga kowa ba. Abin da ya yi shi ne biyan kuɗin rassa na daban domin baƙaƙen fata a wasu birane, kamar na Louisville da aka buɗe a 1908, inda aka riƙa gasar ba da labari tsakanin yara.

Jimilla an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa tsakanin 1883 da 1929: 1,689 a Amurka, 660 a Birtaniya da Ireland, 125 a Kanada, sauran a wurare kamar Afirka ta Kudu, Australia da New Zealand. A 1917 gidauniyarsa ta daina amincewa da sababbin gine-gine, bayan wani rahoto ya nuna cewa garuruwa da yawa suna da gini amma ba su da ƙwararren ma'aikaci. Daga baya ta karkata ga horar da ma'aikata da sayen littattafai. Ta wannan hanya ce kuɗin ya iso Najeriya: tallafin gidauniyar ne ya taimaka aka buɗe ɗakin karatu na Legas a 1932, kuma shi ne ya kafa makarantar koyar da aikin laburare a Jami'ar Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960.

Carnegie ya rasu ranar 11 ga Agustan 1919 a Lenox da ke jihar Massachusetts, yana da shekara 83, bayan ya rabar da kimanin dala miliyan 350.

Ginin Braddock kuwa ya sha wahala bayan masana'antun ƙarfen yankin sun fara durƙushewa. An rufe shi a 1974, rufin yana yoyo, har aka shirya rushe shi. Wasu mazauna garin suka haɗa kai suka saye shi kan dala ɗaya, suka sake buɗe ɗaki guda a 1983 domin yara. Tsohon wurin wankan ma'aikata da ke ƙasan ginin an mayar da shi ɗakin koyon ginin tukwane.