Yau a Tarihi: Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, malamin da aka haifa a Maratta kusa da Galmi

Duk ranar 15 ga watan Disamba, masu gasar kacici-kacicin tarihi a rediyo da shafukan sada zumunta sukan tambaya: a ina aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo? Da yawa sukan amsa da Sakkwato, wasu su ce Degel, kuma duka biyun kuskure ne. An haife shi a wannan rana ta shekarar 1754 a ƙauyen Maratta na ƙasar Gobir, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, kusa da Galmi a jihar Tawa. Matashin Tajaye ko Illela ko Malbaza da ya faɗi wannan tambaya, labarin maƙwabcinsa ne ya kuɓuce masa.

Shehu Bafulatani ne daga zuriyar Toronkawa. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Yana yaro iyalinsu suka koma Degel, inda ya karanta Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, sannan ya ci gaba da karatu wurin malamai irin su Usmanu Binduri. Daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, malamin da ya yi tasiri sosai a tunaninsa.

Ya fara wa'azi wajen 1774, yana da kimanin shekara 20. Daga nan har zuwa hijirarsa, shekara 30 ya yi yana karantarwa a Gobir da Kabi da Zamfara. Yana rubuta littattafai da Larabci domin malamai, yana tsara waƙoƙi da Fulatanci domin talakawan da ba su yi karatu ba. Mata ma suna halartar majalisinsa, abin da wasu malaman zamanin suka soke shi a kai. A littafinsa Nurul Albab ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya ba su kyaututtuka. Shehu bai karɓi zinariyar da aka ba shi ba. A maimakonta ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka.

Bayan rasuwar Bawa zaman ya fara tsami. Sarki Nafata ya hana ɗaura rawani da lulluɓin mata, ya kuma hana kowa wa'azi in ba Shehu ba. Da ɗansa Yunfa ya hau gado, sojojin Gobir suka auka wa Gimbana, garin da almajirin Shehu, Abdussalami, ya zauna da mutanensa, suka kwashe su a matsayin bayi. Jama'ar Degel suka tare hanya suka sake su, Yunfa kuma ya umarci Shehu ya bar garin.

A ranar 21 ga Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Wani Buzu mai suna Agali yana cikin waɗanda suka taimaka da raƙuma wajen ɗaukar littattafansa. A Gudu jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Matankari da Birnin Konni suna cikin garuruwan farko da rundunarsa ta yaƙa a wannan shekara, kafin babban karo da Yunfa a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni, inda ƙanensa Abdullahi ya jagoranci nasara.

Yaƙin bai zo da sauƙi ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, Gobirawa da Buzaye sun kashe mabiyansa kusan 2,000, ciki har da mahaddatan Alƙur'ani kimanin 200. An sha yunwa da annoba, garuruwa da dama sun watse ta kowane ɓangare, an kuma kama mutane da yawa bayi. Sai a Oktoban 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Da nasara ta samu, Shehu ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba tafiyar da daular: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Sai a 1815 ya tare a Sakkwato, garin da Bello ya gina. Shekara biyu kawai ya zauna a can, ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817 yana da shekara 62. Hubbarensa na Sakkwato, mutane na ziyartarsa har yau.

Ya bar rubuce-rubuce sama da 100, ciki har da Ihya'us Sunna da Bayanu Wujubil Hijra. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru na koyar da mata a karkara. Daular ta ɗore har Maris na 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ita ce ta bar mahaifarsa a Nijar, kabarinsa a Nijeriya.

Mai shirin shiga gasa ta gaba ya riƙe ranaku uku: 15 ga Disamba a Maratta, 21 ga Fabrairu a hanyar Gudu, da 20 ga Afrilu a Sakkwato.