James Watt, Mutumin da Ya Sa Tururi Ya Juya Ƙafa

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani mutum wanda ba limami ba ne, ba kuma ɗan Katolika ba, amma sunansa yana jikin kowane ƙwan lantarki da ke rataye a majami'unmu. Lambar nan da muke karantawa, wat 40 ko wat 60, daga sunan James Watt aka samo ta.

An haife shi ran 19 ga Janairu 1736 a Greenock, wani garin bakin teku a Sikotlan, cikin gidan Furotesta. Yaro ne mai laulayi, don haka mahaifiyarsa ce ta fara koya masa karatu a gida. Ya koyi ƙirar kayan awo a Landan, sa'an nan ya buɗe ɗan shago a Jami'ar Glasgow. A can aka kawo masa ƙaramin samfurin injin tururi na Newcomen ya gyara. Ya lura injin yana ɓarnar wuta, gama a kowane bugu sai an sanyaya silinda a sake zafafa ta. A 1765 dabara ta zo masa: a ware wani mazubi dabam inda tururi zai huce, silinda kuwa ta zauna da zafinta. Ya sami takardar mallakar dabarar a 1769, amma shekarun da suka biyo na bashi ne da baƙin ciki. Mai ɗaukar nauyinsa ya karye, matarsa Margaret ta rasu a 1773. Sai da ya koma Birmingham ya haɗa hannu da attajiri Matthew Boulton a 1775 ƙafarsa ta tsaya.

Injunansu na fari abu ɗaya suka iya, wato jan ruwa daga ramukan ma'adinai. Wanda ya taɓa ganin jigo a fadama ya ga siffarsu: dogon gungume bisa madogari, fistan yana jan wannan kai ƙasa, wancan kan yana ɗaga sandar famfo. Sama da ƙasa ke nan, ba wani abu. Dutsen niƙa kuwa, da mazarin injin kaɗa auduga, juyawa suke bukata. Har zuwa lokacin, mai neman juyi sai ya dogara ga kogi, ko iska, ko doki mai zagaye. Boulton ya ga kasuwa a nan, ya yi ta matsa wa abokinsa.

Hanya mafi sauƙi an daɗe da saninta. Ita ce ke ƙarƙashin keken ɗinkin da matan Zumunta suke takawa: ƙafa tana hawa da sauka, sanda tana tura wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kamar gwiwa, faifai kuma yana juyawa. Amma a 1780 wani ɗan Birmingham, James Pickard, ya riga ya karɓi takardar mallakar ɗora wannan gwiwa a injin tururi. Watt ya gaskata daga shagonsa ne maganar ta zurare. Ya fusata, ya ƙi shiga ciniki da Pickard, ya nemi hanyar kewaye.

Abin da ya fito a 1781 shi ne dabarar da suka kira rana da duniya. Faifai biyu ne masu haƙora. Ɗaya, wato rana, an kafe shi a kan gatarin babbar ƙafa mai nauyi. Ɗayan, wato duniya, an ɗaure shi tam a ƙarshen sandar da ke saukowa daga gungume, ba ya juyawa a kan kansa. Yayin da sandar take hawa da sauka, duniya tana kewaya rana, haƙora suna cizon haƙora, rana kuwa ba ta da zaɓi sai ta juya. In haƙoran biyu daidai suke, babbar ƙafar takan juya sau biyu a kowane hawa da sauka guda. A 1782 Watt ya sa tururi ya tura fistan ta fuska biyu. Sarƙar da ke haɗa fistan da gungume tana iya ja, ba ta iya turawa, saboda haka a 1784 ya ƙago haɗin sanduna da ke riƙe sandar fistan a miƙe, ƙirar da ya fi alfahari da ita duk rayuwarsa.

A nan akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Takardar 1781 sunan Watt kaɗai take ɗauke da shi, alhali masu tarihi da yawa suna danganta rana da duniya ga ma'aikacinsa William Murdoch, wanda ya tako da ƙafa daga Sikotlan zuwa Birmingham neman aiki a 1777. Murdoch ya ƙera ɗan samfurin keken tururi mai tafiya da kansa a 1784, iyayen gidansa suka sanyaya masa gwiwa, gama Watt yana tsoron tururi mai ƙarfin matsi. Sai a 1810 aka sa shi cikin masu rabo a kamfanin. A ganinmu hakkinsa ya makara ƙwarai.

Ba shi kaɗai ba ne. Da inji ya iya juyi, masaƙu suka bar bakin kogi suka cika birane. Zuwa 1800 kamfanin ya ƙera injuna kusan 500, fiye da rabi masu juyawa. Tufafi suka yi araha, amma ƙananan yara suka shiga aikin awa 12 ko fiye a yini. Halin ma'aikatan irin waɗannan masana'antu ne ya sa Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa Rerum Novarum a 1891, inda ya tsaya a kan lada mai isa iyali da hutun ranar Ubangiji.

Jirgin ƙasa wasu ne suka kammala shi, irin su Richard Trevithick a 1804 da George Stephenson bayansa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru ya kai ƙarshensa a 1930, ya ratsa Ringim, Gagarawa da Malam Madori yana kwasar gyaɗa. Bai biyo ta Dutse ba, amma dattawanmu da suka kai kaya tasha kafin zuwan injin dizal sun ga dogayen sanduna suna kai da komowa a gefen ƙafafun jirgi. Gwiwar nan ce da aka hana Watt. Shi ma da wa'adin Pickard ya cika a 1794, kamfaninsa ya koma gare ta, don ta fi sauƙi, ba ta kuma cin haƙora.

Watt ya ajiye aiki a 1800 yana mai dukiya. Ya binne 'yarsa Jessy a 1794 da ɗansa Gregory a 1804, dukansu da tarin fuka. Ya rasu ran 25 ga Agusta 1819 yana da shekara 83, aka binne shi a majami'ar Maryamu da ke Handsworth, kusa da Boulton. Bayan shekara 20 aka kawo Murdoch, aka kwantar da shi a wannan majami'a tare da su.