TARIHIN JANAR XU SHIYOU DA YAƘIN DA AKA KASA ƘIDAYA MAMATANSA

A cikin manyan hafsoshin da suka kafa mulkin Kwaminis a ƙasar Sin da bakin bindiga, da wuya a sami wanda labarinsa ya bazu a bakin talakawa kamar Janar Xu Shiyou, wanda ake faɗin sunansa Shu Shiyo. Ya yi fiye da shekara 50 cikin kakin soja. Amma yaƙinsa na ƙarshe, watau wanda aka gwabza da Biyetnam a 1979, shi ne ya bar baya da ƙura, domin har yau ba a daidaita a kan yawan mutanen da suka halaka a cikinsa ba.

An haifi Xu Shiyou wajen shekarar 1906 a wani ƙauye da ke gundumar Xinxian ta lardin Henan. Iyayensa manoma ne matalauta, saboda haka tun yana yaro aka kai shi gidan ibadar mabiya addinin Buddha na Shaolin, inda ya yi shekara 8 yana aikin wahala, yana kuma koyon dambe da sarrafa takobi. Da ya fito sai ya shiga sojan Wu Peifu, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin da suka yi wa ƙasar Sin rabon kura a zamanin nan. A 1927 ya shiga Jam'iyyar Kwaminis, aka yi tawayen manoma na Huang'an da Macheng da shi. Tun daga nan aka san shi da shiga gaba a wurin hari, ya kuwa sha rauni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A 1937 ya tsallake rijiya da baya. Maigidansa Zhang Guotao ya ɓata da Mao Zedong, aka shiga tsangwamar yaransa a garin Yan'an, har aka kama Xu da laifin shirin gudu daga rundunar. Mao ne ya sa baki aka sake shi, shi kuwa ya riƙe wannan halacci har ƙarshen ransa. Ya yaƙi sojan Japan a lardin Shandong, sa'an nan a watan Satumba na 1948 ya jagoranci harin da ya ƙwace birnin Jinan daga hannun 'yan Kuomintang cikin kwana 8. An tura shi Koriya a 1953 dab da ƙarshen yaƙin, aka ba shi muƙamin cikakken Janar a 1955. Ya riƙe yankin soja na Nanjing shekara 18, kafin Mao ya mayar da shi Guangzhou a watan Disamba na 1973. Lardin Guangxi mai iyaka da Biyetnam yana cikin wannan yanki, abin da ya haɗa shi da yaƙin 1979 ke nan.

Sin da Biyetnam dā aminan juna ne, amma zumuncin ya lalace bayan ficewar Amurka daga yankin. Biyetnam ta ƙulla yarjejeniyar abota da Tarayyar Sobiyet a watan Nuwamba na 1978, sa'an nan ta afka wa Kambodiya ran 25 ga Disamba, ta tumɓuke gwamnatin Pol Pot wadda Sin ke goya wa baya. Deng Xiaoping ya ƙudura niyyar ladabtar da ita. Ran 17 ga Fabrairu 1979 sojan Sin kimanin 200,000 suka tsallake iyaka. Janar Yang Dezhi ya ja dagar yamma daga Yunnan zuwa Lao Cai, Xu kuma, wanda ya haura shekara 70, ya ja dagar gabas zuwa Cao Bang da Lang Son.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rabon sojan Sin da babban yaƙi irin wannan tun na Koriya. An soke alamun muƙami tun 1965, saboda haka idan hafsa ya faɗi, soja ba ya gane wanda zai bi a cikin baƙin rukuni. Na'urorin sadarwa ba su wadata ba, ƙasar kuma duwatsu ce da koguna. Dakarun Biyetnam da 'yan sa-kai, waɗanda suka goge a yaƙi da Amurka, sun laɓe a kan tsaunuka suna ɓarin wuta a kan masu hawowa. Xu ya riƙe dabarar da ya saba da ita, watau tura mutane tuli a kan tuli har wuri ya faɗi. An ci Cao Bang da Lang Son, Sin ta ba da sanarwar janyewa ran 5 ga Maris, ta gama ficewa ran 16 ga wata, bayan ta rushe gadoji da masana'antu da gine-ginen garuruwan da ta kama.

To, mutum nawa suka mutu? Hanoi ta ce ta kashe ko ta raunata sojan Sin 62,500. Janar Wu Xiuquan, mataimakin babban hafsan sojan Sin, ya ƙiyasta hasarar ƙasarsa 20,000, ta Biyetnam kuma 50,000, matattu da masu rauni a haɗe. Masani King Chen ya kawo matattu 26,000 a ɓangaren Sin, 30,000 a ɓangaren Biyetnam. Daga baya Zhang Xiaoming, wanda ya yi aiki da takardun sojan Sin, ya sami matattu kusan 8,000 da masu rauni fiye da 23,000. Adadin da kowa ya yarda da shi shi ne na fursunoni, domin su an miƙa su hannu da hannu a bakin iyaka a watannin Mayu da Yuni na 1979: Sinawa 238, 'yan Biyetnam 1,636.

Dalilan wannan saɓani ba ɓoyayyu ba ne, ya kuma kamata ɗalibi ya kiyaye su duk lokacin da ya ga lissafin yaƙi. Na farko, yaƙi ɗan zamba ne, kowane ɓangare yakan rage tasa hasarar ya kumbura ta abokin gaba. Na biyu, yawan abokan gaban da aka kashe daga rahoton ƙananan kwamandoji yake fitowa, su kuwa yabo suke nema. Na uku, sau da yawa akan ɗauki jimlar matattu da masu rauni a maida ita ta matattu kaɗai. Na huɗu, 'yan sa-kai da 'yan dako da mutanen ƙauye ba su da rajista irin ta soja, wani lissafi ya sa su, wani ya bar su. Bugu da ƙari, bayan ƙasashen biyu sun maido da hulɗa a 1991, gwamnatocinsu sun ga tone-tonen ba zai amfane su ba.

An sauke Xu daga jagorancin yankin Guangzhou a 1980, bai sake riƙe runduna ba. Ya mutu a Nanjing ran 22 ga Oktoba 1985 sakamakon ciwon dajin hanta. Tun 1956, lokacin da shugabannin jam'iyya suka sa hannu a kan a ƙone gawarsu idan sun mutu, shi ya ƙi, don yana son a binne shi kusa da mahaifiyarsa, wadda aikin soja ya hana shi yi wa hidima tana raye. Deng ya amince, bisa sharaɗin kada wani ya kafa hujja da shi. Aka kai gawar ƙauyensu aka binne ba tare da wani buki ba.

Masu ziyara sukan jera kwalaben giyar Maotai, wadda ya shahara da shanta, a gefen kabarin. Samarin da ya tura Cao Bang da Lang Son kuwa suna kwance a maƙabartun soja da ke jere a bakin iyakar Guangxi, kowane kabari da sunan mai shi da garinsu. A can ne iyaye da yawa suka je neman 'ya'yansu, wasu sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da suka iya tara kuɗin mota.