Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Jibo Bakari

Mun ga ya kyautu mu tuna wa jama'a rayuwar marigayi Jibo Bakari, mutumin da ya riƙe maganarsa har ta raba shi da kujerar mulki.

An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, cikin 1922. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, ya komo gida ya koyar. Daga nan ya shiga siyasa da ƙungiyar 'yan ƙwadago, ya riƙa haɗa kan leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata, waɗanda ake mora ba a biyansu hakkin guminsu. Su ne ƙashin bayan jam'iyyarsa da aka sani da Sawaba.

Cikin 1956 aka zaɓe shi Magajin Garin Yamai, a 1957 kuma ya ja ragamar gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, Turawan Faransa suna bisa. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: ko a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a karɓi mulkin kai nan take. Jibo ya kira jama'a su zaɓi mulkin kai, alhali ya san gwamna da yawancin sarakuna ba sa tare da shi. Aka kayar da shi, ya sauka. Gini kaɗai ce ta ƙi a wannan rana.

Aka haramta Sawaba a 1959, ya yi gudun hijira zuwa Mali da Gana da Gini, waɗansu mabiyansa kuwa suka sami mafaka wurin 'yan NEPU a Kano. Yunƙurin da suka yi da makamai a 1964 bai ci nasara ba, rayuka suka salwanta, wannan kuwa abin baƙin ciki ne. Ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, aka tsare shi a 1975, ya shafe shekaru a tsare. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Mu da muke aza harsashi yau, magina da leburori ne za su ɗora mana ginin. Mu biya su hakkinsu a kan kari. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.