Alfred Wallis: Tsohon Masunci Da Ya Fara Zane Yana Dab Da Shekara 70

Yau za mu kawo muku tarihin wani dattijo na bakin teku a Ingila, wanda bai taɓa shiga ajin koyon zane ba, amma hotunansa na rataye a manyan gidajen adana zane.

An haifi Alfred Wallis a 1855 a Devonport. Tun yana matashi ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya koma su a gaɓar yankin Cornwall. A 1890 ya zauna a St Ives, garin masunta, ya buɗe shagon tsofaffin ƙarafa da igiyoyin jirgi. Matarsa Susan ta rasu a 1922. Kaɗaici ya dame shi, sai ya kama zane don ya ɗebe masa kewa.

Ba shi da kuɗin kayan aiki. Fentin jirgi yake samowa, ya yi zane a kan guntayen kwali, duk yadda kwalin ya yage haka zai bi shi. Abin da yake zanawa kuwa ya riga ya wuce: jiragen filafilai da masu inji suka ture, hasumiyar fitila mai nuna wa jirage hanya, da gidajen masunta. Daga ƙwaƙwalwarsa yake fito da su. Abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi yake girmamawa a hoto, ko da a zahiri ƙarami ne.

A 1928 wasu masu zane biyu, Ben Nicholson da Christopher Wood, suka hango hotunansa ta ƙofar gidansa. Ta hanyarsu sunansa ya kai Landan. Duk da haka 'yan sulalla ake ba shi a kan hoto, talauci bai sake shi ba. Ya rasu a 1942 a gidan gajiyayyu na Madron. Bernard Leach, shahararren maginin tukwane, ya ƙawata kabarinsa a St Ives da hoton hasumiyar fitila.

Yau ana ganin ayyukansa a Tate da kuma Kettle's Yard a Kambirij. Jiragen da ya sani sun ɓace daga tekun Cornwall, siffarsu ta rage a kan kwalayen da ya bari.