Édouard-Alfred Martel: Lauyan da ya auna kogwanni har aka kafa dokar kare ruwan sha

Duk ƙungiyar masu shiga kogo da ke koya wa sababbin mambobinta riƙe kamfas da igiyar awo a ƙarƙashin ƙasa, sawun wani lauya Bafaranshe take bi, wato Édouard-Alfred Martel, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin binciken kogwanni na zamani. Ya shiga kogwanni da ramuka kimanin 1,500 a rayuwarsa, ya kuma mai da awo da zanen taswira ƙa'idar aikin. Wannan aiki ne daga baya ya taimaka aka kafa dokar kare ruwan sha a Faransa.

An haife shi ranar 1 ga watan Yuli na 1859 a garin Pontoise, kusa da birnin Paris, a gidan masana shari'a. Ya bi sana'ar gida, ya zama lauya a kotun kasuwanci ta Paris, amma hankalinsa na kan tafiye-tafiye da taswira. Da zarar an yi hutu sai ya nufi tsaunukan kudancin ƙasar, inda dutsen farar ƙasa ke cike da ramukan da ruwa ya ɓula.

A ƙarshen watan Yuni na 1888, shi da abokan tafiyarsa suka bi wani rafi mai suna Bonheur daga inda yake nutsewa cikin ƙasa har inda yake ɓullowa a Bramabiau, sunan da ke nufin sa mai ruri a harshen mutanen yankin, saboda ƙugin ruwan. Tafiya ce ta fiye da kilomita ɗaya cikin duhu da ruwan sanyi. Masana a Faransa na ƙidaya mafarin wannan ilimi daga wannan ratsawa.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 9 ga Yuli na 1889, ya sauka ramin Padirac da ke yankin Lot, mai zurfin mita 75 a miƙe, wanda almarar mutanen wurin ke cewa Shaiɗan ne ya ɓula shi da diddigensa. A can ƙasa ya tarar da kogi yana gudana a zurfin mita 103. Kayan aikinsa su ne tsani na igiya, kyandir, ɗan kwale-kwale na tamfol mai naɗewa, da wayar tarho da yake magana da waɗanda ke riƙe da igiya a bakin rami.

Kafin a sauka, sai a zura igiya mai nauyi a bakinta don a san zurfin ramin. A ciki kuma a duba kamfas a san inda hanya ta dosa, a ƙiyasta ko a auna tsawonta, a duba sanyin ruwa da na iska, a rubuta komai cikin ɗan littafi. In an fito sai a zana kogon ta fuska biyu, kamar ana kallonsa daga sama, da kuma kamar an tsaga dutsen ana kallonsa daga gefe. Da irin wannan zane ake gane inda ruwa ya shiga da inda zai fita.

Amfanin sanin hakan ya bayyana a jikinsa a 1891. Ya ga mushen maraƙi yana ruɓewa a gindin ramin Berrie, shi ma a yankin Lot, ya kuma sha ruwan wata maɓuɓɓuga da ke kusa, sai ya kwanta ciwo mai tsanani. A wancan zamani makiyaya sun saba jefa mushen dabbobi cikin ramuka, jama'a kuma na ganin duk ruwan da ya fito daga dutse tsarkakakke ne. Martel ya bayyana cewa dutsen farar ƙasa ba ya tace ruwa kamar yadda rairayi ke yi, ruwan bi yake ta tsagogi ya fito da ƙazantar da ya kwaso. Ya yi ta rubutu yana jan hankalin hukumomi, har dokar kiwon lafiyar jama'a ta ranar 15 ga Fabrairu na 1902 ta haramta jefa mushe da ƙazanta cikin ramuka. Har yau masu shiga kogo na kiran wannan sashe dokar Martel.

Ya fitar da babban littafinsa mai suna Les Abîmes a 1894. A 1895 ya kafa ƙungiyar Société de Spéléologie tare da mujallarta Spelunca, inda masu sha'awa ke buga rahotannin bincikensu da taswirorinsu. A wannan shekarar ce ya binciki kogon Marble Arch a Ailan, sannan ranar 1 ga Agusta ya zama mutum na farko da ya kai gindin ramin Gaping Gill na Ingila, mai zurfin kusan mita 100, bayan an karkatar da rafin da ke zuba ciki. A 1896 ya je tsibirin Mayorka na Sifaniya, inda wani tabki a cikin kogon Drach ke ɗauke da sunansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na hannun damansa wani maƙeri ne, Louis Armand, wanda a 1897 ya gano ramin da ake kira Aven Armand, mai ɗaruruwan ginshiƙan dutse da ɗigar ruwa ta gina.

A 1899 Martel ya ajiye aikin lauya ya duƙufa ga bincike. Ya ratsa kwazazzabon Verdon a 1905, ya kuma ziyarci kogon Mammoth na Amurka a 1912. Ya rasu ranar 3 ga Yuni na 1938 kusa da garin Montbrison, yana da shekaru 78.

A yau na'urar leza da kwamfuta sun sauƙaƙa awon, amma ƙungiyoyin na kan ƙa'idar da ya bari, cewa a auna kogo, a zana shi, a buga don na baya su amfana. Mujallar Spelunca na ci gaba da fitowa a ƙarƙashin tarayyar masu binciken kogwanni ta Faransa, wadda aka kafa a 1963.